Taga Uku da Albasar Baba Kalla

Na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin awon jini na wani asibitin mishan da ke yankin Madawa, kuma bango ɗaya ne ya raba ni da biro, wato ofishin da Hulda Dauda take aiki. Kafin in san fuskarta sosai na san ƙarar hannunta. Tun ƙarfe bakwai da rabi na safe mashin ɗin buga takardarta zai fara, kamar ruwan sama a kan rufin kwano, ba ya tsayawa sai takarda ta ƙare. Sauran masu buga takarda da na sani sukan buga, su dakata, su goge, su ci gaba. Hulda ba ta da wannan dakatawar.

Mahaifinta, Dauda, mutumin wani ƙauye ne arewa da Galma. Yana saurayi aka kawo shi asibitin a kan jaki, da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi jin maganin gida. Ya yi wata bakwai a kwance. Da ya warke bai koma ba. Ya zama Kirista, ya kama aikin wankin zannuwan gado, ya auri Mairamu, ɗiyar mai gadin ƙofa. Ƙanensa Kalla ne ya riƙe gonakin gidansu da garkar albasa da ke cikin fadama. 'Yan'uwan ba su taɓa yin faɗa ba, ba su kuma yanke zumunci ba, amma zumuncin ya zama na suna da ta'aziyya. Kalla yakan zo da safe ya koma da yamma. Shekara arba'in bai taɓa kwana a gidan wansa ba.

Hulda ce 'yar farin Dauda. Ta yi lakkol, wato makarantar boko, har ta samu satifika, ta shiga kolej a Madawa, ta yi shekara biyu, sai ciwo ya kwantar da uwarta, ta dawo jinya. A lokacin ne wata Baturiya mai kula da biron asibiti ta gan ta a baranda tana karanta takardar da ke cikin kwalin magani, layi bayan layi, har da ƙananan rubutun ƙasa. Ta kira ta, ta zaunar da ita gaban mashin, ta rufe mata hannuwa da tawul. Hulda ta ce mini wata uku ta yi ba ta ga yatsunta ba. Da aka ɗauke tawul ɗin, ba ta ƙara bukatar kallonsu ba.

Daga 1980 ita ke buga duk abin da ke fita daga asibitin: wasiƙun likitoci, katunan marasa lafiya, takardun waƙoƙin majami'a na ranar Lahadi. Ta auri Bitrus, mai gyaran famfo da tankunan ruwa, suka haifi 'ya'ya huɗu. Doguwa ce, mai tafiya a hankali, ba ta ɗaga murya. Amma ba ta iya ƙanƙan da kai a kan aikinta ba. In likita ya ce akwai kure a wasiƙa, sai ta ɗauko rubutun hannunsa ta ajiye gabansa, ta jira har ya gano kuren nasa ne. Wasu suna cewa girman kai ne. Ni da na zauna kusa da ita, na ga dai mace ce da ta san abin da ta iya, ba ta kuma ga dalilin ɓoye shi ba.

A 1995 aka kawo odinatar ta farko, wato kwamfuta. Malam Matta, shugaban biro, ya fara maganar a ɗauko wani daga Yamai wanda ya karanci abin. Hulda ta ji, ta shiga wurinsa ta ce a ba ta wata ɗaya.

"Shef, haruffan nan su na dai," in ji ta. "Gida kawai sunka sake."

Bugawa ba ta ba ta wahala ba ko kaɗan. Abin da ya dame ta shi ne ɗan abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur, wanda ake ce wa suri. Kibiyar da ke kan gilashin odinatar takan gudu ta bar ta. Bitrus ya ba mu labarin yadda take zama a gida da sandar sabulu a kan faifai, tana tura ta hagu da dama, tana koya wa wuyan hannunta tafiya a hankali. Kafin sati uku ta buga rahoton shekara gaba ɗaya a odinatar, ta kai wa Malam Matta. Ba a ƙara maganar mutumin Yamai ba.

Ƙarshen 1998 aka haɗa odinatar da intanet. Ta layin wayar talho ake bi, kuma kiran har Yamai yake zuwa, don haka Malam Matta ya yanke rabin awa kawai a yini, daga ƙarfe uku na rana. Mashin ɗin takan yi wani kuka kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, wani lokaci layin ya kama, wani lokaci ya ƙi. In ya kama, Hulda ta aika wasiƙun likitoci ta karɓi waɗanda suka zo. Wani sa'in likita ya ba ta adireshin wani shafi a rubuce, ta buga shi a ɗan gurbin da ke sama, su zauna suna jira. Rubutu yakan zo da ɗan sauri. Hoto kuwa daga sama yake saukowa, kaɗan-kaɗan, kamar ana sakin asabari.

Adireshin nan dogaye ne, ba su da ma'ana a kowane harshe, kuma harafi ɗaya in ya kauce shafin ba ya zuwa. Likitoci sukan yi ta ɓata. Hulda kuwa nan ne ta fi jin daɗi. Ta raɗa wa alamomin sunaye don ta riƙa tunawa: akwai sanda mai jingine, akwai ɗigo bisa ɗigo, akwai 'yar tsutsa. Sau ɗaya take duban takarda ta buga.

Wata Litinin a watan Janairun 1999, wajen hantsi, na ga wani dattijo a tsaye ƙofar bironta, da buhu a kafaɗa, ya ƙi shiga saboda takalmansa da laka. Na ji Hulda ta tashi da sauri, abin da ba ta saba ba, ta durƙusa ta gaishe shi. Baba Kalla ne.

Ya ce albasarsa ce ke mutuwa. Wata biyu da dashe, ganyen ya fara rawaya daga bisa yana bushewa zuwa ƙasa, kawunan kuma sun ƙi girma. Ya sayi maganin feshi a kasuwa ya fesa sau biyu, kamar ya zuba ruwa. Malamin gona na yankinsu, wani mai suna Zakariya'u, ya zo ya duba, ya ce abin ya yi masa kama da ciwo biyu ko uku, ba zai yi ƙarya ya ce ga wanda ne ba. Amma ya taɓa zuwa wani horo a Yamai inda aka raba musu takarda mai adireshin shafukan da ke nuna cututtukan albasa da hotunansu. Shi ba shi da mashin. Ya ji an ce ɗiyar wan Kalla tana da ita. Ya ja layi a ƙarƙashin adireshi uku ya ba shi.

Baba Kalla ya cire hula, ya zaro takardar a ninke huɗu, ya miƙa mata. Ya ce shi bai san abin da ke ciki ba, an dai ce masa in ya kawo za a nuna masa ciwon a hoto. Hulda ta duba ta ce za a nuna masa. Ba ta ce za ta gwada ba.

Sai da ta faɗi haka sannan ta je neman izni. Malam Matta ya ce layin na marasa lafiya ne, ba na albasa ba. Ban ji duk abin da ta ce masa ba, amma na ji ƙarshen, don ƙofar a buɗe take.

"Shef, ka fita ka tambayi waɗanda ke kwance da mi sunka zo nan. Rabinsu albasa ta kawo su, ita za ta maida su gida. In ta mutu bana, baɗi sai ciwo ya ci ƙarfinsu kahin su taho."

Malam Matta mutum ne mai son doka, amma ba mugu ba ne. Ya ce ba zai ƙara minti ko ɗaya ba. In an gama wasiƙun likitoci, abin da ya rage cikin rabin awar nata ne.

Ranar minti goma sha biyu suka rage. Hulda ta sa wa Baba Kalla kujera kusa da ita, ta kira ni don na yi karatun aikina a Najeriya, ina jin Ingilishi, ita kuwa Faransanci ta sani. Ta buga adireshi na farko. Muka jira. Hoton ya sauko a hankali, ganyen albasa mai zane-zane fari kamar an yaƙushe shi. Minti biyar ya ci. Baba Kalla ya matso da fuskarsa har numfashinsa na taɓa gilashin, ya ce akwai kama, amma a nuna masa na biyu.

Hulda ta goge adireshin farko ta buga na biyu a gurbinsa, kamar yadda kowa ke yi a biron. Hoton farko ya ɓace. Na biyu ya fara saukowa, ganye mai tabo-tabo masu duhu. Da ya kai rabi, Baba Kalla ya ce to, a dawo da na ɗazu a ajiye su tare ya gani. Hulda ta taɓa alamar komawa baya. Na biyu ya tafi, na farko kuma bai dawo yadda yake ba, ya sake farawa daga sama. Bai wuce rabi ba Malam Matta ya leƙo ya nuna agogo. Aka yanke layin, muka tashi da rabin ganye a gilashi.

Baba Kalla bai yi fushi ba. Ya gyara hularsa ya ce da ita a hankali:

"Ɗiyata, ko rago za ka saye, ba a korar na farko kahin a kawo na biyu. Jera su akan yi, ido shi zaɓa."

Ya ɗauki buhunsa zai nemi mota. Hulda ta ce ya ba ta gobe. Ya ce garka ba ta jiran mutum. Ta ce 'ya'yansa suna can suna ban ruwa, kuma in ya koma yau da mi zai koma? Ya tsaya yana tunani. A nan Dauda ya aiko a ce wa ƙanensa an share masa ɗaki.

Hulda ta ba ni labarin yammacin daga baya. Mairamu ta aika aka sayo sabuwar tabarma da sabuwar buta. Da aka kama zakara, Dauda ya miƙa wa ƙanensa wuƙa ya yanka da hannunsa, don ya ci da kwanciyar rai. Kalla ya yi sallar magariba a tsakar gida, jikokin wansa suna zaune shiru har ya sallame. Aka ci tuwo, 'yan'uwan suka yi hirar mutanen ƙauye, wa ya mutu, wa ya tafi Abijan bai dawo ba.

Washegari na iso ƙarfe bakwai na tarar Hulda ta riga ni. Ta ce mini mashin ba ta yi kure ba, ita ce ta buga wasiƙa bisa wasiƙa. Shekara goma sha tara tana aiki, ba ta taɓa buga sabuwar wasiƙa a kan tsohuwar takarda ba, takan zare ta ajiye gefe ta sa sabuwa. Ta ce ba yadda za a yi mutanen da suka ƙera wannan abu su manta da haka. Dole akwai inda ake ɗauko sabuwar takarda, ita ce dai ba ta nema ba.

Ba a bukatar layi don a nema. Ta bi kalmomin da ke jere a saman gilashi, tana buɗe kowace tana karanta abin da ke ƙarƙashinta, layi bayan layi. Na koma ɗakina na fara aiki. Ba a yi rabin awa ba na ji an ƙwanƙwasa bango sau uku. Na zagaya.

A ƙarƙashin kalma ta farko akwai wani layi na Faransanci mai nufin sabuwar taga. Ta ce da ta taɓa shi, sai wani farin shafi ya rufe rabin ganyen jiya, ta ɗauka shi ma ya tafi. Sai ta kama farin shafin ta sama ta ja shi gefe. Ga rabin ganyen nan a baya, yana nan yadda yake. Sabuwar tagar kuma tana da nata gurbin adireshi, babu komai a ciki. Ta nuna mini yadda ake kama kusurwa a rage girman taga. Ta buɗe uku, ta rage su, ta jera su kafaɗa da kafaɗa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce tun da kowace taga na da gurbinta, ba dalilin jiran layi kafin a buga adireshi. Ta buga ukun tun da safe, kowane a tagarsa, ta bar su a haka ba ta tura ba. In layi ya kama, abin da ya rage kawai ta shiga kowace taga ta danna maɓalli ɗaya. Na tambaye ta ko hakan zai sa hotunan su zo da sauri. Ta ce a'a, layin shi ne dai, ƙofa ɗaya ce za su bi su uku. Amma ba za a ɓata lokaci wajen bugawa ba, kuma abin da ya zo ya zo ke nan.

Ranar Talatar layin ya ƙi kamawa sam. Sau shida ta kira. Baba Kalla yana zaune a kujerarsa yana jin kukan mashin, har rabin awar ta ƙare. Na ɗauka zai tafi. Sai ya dubi tagogin nan uku da ke jere babu komai a cikinsu, ya tambaya ko nan za a tsayar da su. Hulda ta ce nan ne. Ya ce to, ya ga an kafa turaku, zai jira dabbobin. Ya ƙara kwana.

Ranar Laraba layin ya kama a kira na biyu. Wasiƙun likitoci suka ci minti ashirin. Hulda ta shiga taga ta farko ta danna, ta biyu ta danna, ta uku ta danna. Biyu suka fara saukowa. Ta ukun ta ce ba a sami shafin ba.

Hulda ba ta rufe tagar ba. Ta ɗaga takardar Zakariya'u ta kai ta wajen haske. Takardar ba ta asali ba ce, kwafi ce, tawadar ta yi rauni. Ta ce akwai wani harafi kusa da 'yar tsutsa wanda zai iya zama harafin l, zai kuma iya zama lamba ɗaya. Ta gyara shi a taga ta uku, ta sake dannawa. Sauran biyun suna can suna ci gaba da saukowa, ba abin da ya taɓa su. Shafi na uku ya zo.

Da Malam Matta ya leƙo da agogonsa, hotuna biyu sun cika, na uku saura kaɗan daga ƙasa. Hulda ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba ta juyo ba. Ya tsaya. Layin ƙarshe ya sauko, ta yanke kiran da kanta. Tagogin uku suka zauna da hotunansu. Malam Matta ya shigo ya duba bayan mashin ɗin don ya tabbata an yanke. Ya tambaya ta yaya hotunan ke nan alhali babu layi. Ta ce sun riga sun iso, baƙon da ya sauka ba ya bukatar mota.

Baba Kalla ya ɗauki lokacinsa. Ya kwance buhu ya ciro albasa guda, wadda ya tumɓuke da ƙasarta, ya riƙe ta kusa da gilashi. Ya kai ta gaban hoton farko, ya ce wannan zanen ƙwari ne, yana da shi kaɗan kamar kowa, amma ba shi ke kashe masa albasa ba. Ya kai ta gaban na biyu, ya juya ganyen, ya ce nasa ba shi da tabo. Ya koma na farko, ya dawo na biyu. Sannan ya tsaya a na uku ya daɗe. Hoton nan ba ganye kawai ya nuna ba, albasa ce sukutum, daga ganyen da ya bushe ta sama har saiwa. Ƙasan hoton, wanda ya iso a minti na ƙarshe, shi ya riƙe masa ido.

Ya ce a ba shi ruwa. Na kawo kwanon da nake wanke hannu. Ya tsoma gindin albasar ya girgiza, ƙasar ta zube. Saiwar lafiyayyar albasa fara ce. Tasa ta fito ja-ja, kamar an jiƙa ta a ruwan zoɓo da aka sirka, wasu sun yanƙwane sun yi duhu. Ya wanke ta biyu da ta uku, duk haka. Ya ɗaga su kusa da hoton, launi ɗaya.

Shafin da Ingilishi yake, sai ni na karanta ina juyawa. Ya ce ciwon a cikin ƙasa yake zaune, yana kama saiwa, shi ya sa ganye ke bushewa kamar mai ƙishirwa. Feshin ganye ba ya kai masa. Yana ƙaruwa inda ake maimaita albasa kowace shekara a wuri ɗaya. Abin yi shi ne a hutar da wurin daga albasa shekaru, a yafa iri a ƙasar da ba ta taɓa ciwon ba, wadda ke gona yanzu kuma kada a bar ta ta ji ƙishirwa. Na karanta har ƙasa ina neman inda za a ambaci magani. Babu.

Baba Kalla ya ajiye albasar a kan buhunsa. Garkar nan tun mahaifinsu ake dasa albasa a cikinta, ba a taɓa tsallake rani ɗaya ba. Can ya ce, ashe ƙasa ce ta kamu, shi yana ta wanke ganye. Sannan ya ce a kira masa wansa.

Dauda ya zo da sandarsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana wanke zannuwan asibitin nan, amma ranar ce ya fara taka cikin biro. Kalla ya nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana bayani kamar shi ya kawo su, ya sa masa jajayen saiwoyin a tafin hannu. Ya ce matsalar ita ce ba shi da wata ƙasa kusa da ruwa da albasa ba ta taɓa ba.

Dauda ya juya saiwoyin da yatsa, ya ce akwai. Ya ce gonar da ke gabas da tsohuwar rijiya, wadda aka ce tasa ce ranar rabon gado. Bai je rabon ba, bai taɓa tambaya ba, Kalla kuma yana noman gero a cikinta duk damina bai taɓa tayar da maganar ba.

"Ka yafa irinka can," in ji Dauda. "Ba aro na ba ka ba. Ka riƙe."

Kalla ya ce za su yi maganar a gida. Hulda ta juya ta fara rufe tagogin ɗaya-ɗaya, ni kuma na ɗauki kwanona na fita. Ya ƙara kwana na uku, da safe Bitrus ya kai shi tasha a kan babur.

Albasar shekarar ba ta tsira duka ba. Ya riƙa ban ruwa a kan kari, ya samu wajen rabin abin da ya saba, kawunan ƙanana. Maƙwabtansa a fadama wasu suka saurare shi, da yawa suka ce ba su taɓa jin an hutar da garka ba. Shi kansa bai iya hutar da ita duka ba, don gida na ci daga gare ta. Ya raba ta biyu, ya sa kabeji da dankali a ɓangaren da ya fi kamuwa. A watan Oktoba ya yafa iri a gonar gabas da rijiya. Da irin ya isa dashe ya tumɓuke dami ɗaya ya aiko wa Hulda, an wanke gindin, saiwoyin farare tas. Ba saƙon da ya biyo su. Ta ajiye su a kan tebur kwana biyu, sannan ta dasa a bayan ɗakin girkinta.

A asibiti kuwa hanyar Hulda ta zama hanyar kowa. Ta rubuta a kati da babban rubutu ta manna a gefen gilashi: kafin ka buga adireshi, buɗe sabuwar taga. Likitan yara, wanda da yakan zauna yana kwafe shafi da hannu kafin ya wuce na gaba, ya fara aiko mata da adireshinsa tun da safe don ta jera masa. Ta gano da kanta cewa in tagogi suka wuce biyar mashin ɗin takan sandare, sai an kashe ta komai ya tafi. Sau ɗaya abin ya same ta, ta yanke doka: huɗu, ba ƙari. Ko babban likita ya ce biyar, takan ce ya zaɓi wadda za a bari sai gobe.

Zakariya'u, malamin gona, ya zo da kansa ya ga matar da ta karanta takardarsa. Daga nan ya riƙa zuwa ranar Alhamis a kan babur, wani lokaci da manomi a baya, wani lokaci da ganyen tumatir ko zangarniyar dawa a cikin leda. Malam Matta ya yi gunaguni sati biyu, sannan wata rana ya rubuta a allon biro cewa minti goma na ƙarshen Alhamis na gona ne. Bai yi wa kowa bayani ba, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Ƙarshen shekarar wani ofishin ayyukan karkara a Buza ya samu odinatar da layi, suka rubuto suna roƙon a ba su aron wanda zai koya wa sakatarorinsu. Malam Matta ya tambayi Hulda ko za ta iya. Ta ce kwana nawa suke so. Ya ce sati ɗaya. Ta ce kwana biyu ya isa in suna saurare. Ta tafi ranar Litinin da jakarta da kati guda goma da ta rubuta, ta dawo Laraba da rana. Na tambaye ta yaya Buza. Ta ce mutanen kirki ne, macen cikinsu ta fi mazan saurin kamawa, amma suna cin ƙosai a kan mashin, duk maɓallan sun yi maiƙo. Rabin yinin farko, in ji ta, da auduga da tsinke ta yi shi.